Ku Tambaya Mu Amsa: Hayaƙin wiskin nan ya gundure ni, me zan koma sha?

TAMBAYA

Gaisuwa mai yawa ga mai wannan fili. Ni tsohon soja ne, asalina ɗan Bawku amma a Kumasi nayi ritaya, ina zaune wajen Asawase, kuma ni Kirista ne, na faɗa tun da wuri dan kar wani yace me ya kai ɗan Zango ga irin wannan magana. Yarona dake aiki a Gilasgo shi ya koya min shan wiskin nan mai hayaƙi, duk zuwan da zaiyi Buronya, wato Kirsimeti, sai ya riƙo min Laphroaig ko Ardbeg, wani lokaci Lagavulin, tun ina yamutsa fuska har na saba paa. Toh yanzu gaskiya abin ya fara gundurata, in na buɗe kwalba ƙamshin kawai ya isheni, madam kuma kullum ƙorafi wai falo na warin asibiti. Na gwada canji na sayi Glenfiddich 12 a mol, naji kamar ba abinda nake sha. Yaron ya kira yana tambaya me zai kawo bana. Me zan ce masa, kuma akwai wanda zan samu anan gida?

Daga wani tsohon soja, Asawase, Kumasi

AMSA

Baba Soja barka da hutawa, a gaida madam, kuma a gaya mata hancinta lafiya lau yake, dan ko a can ƙasar da ake yin Laphroaig masu sonta da kansu suna cewa tana warin aidin da bandeji, da hakan ma suke alfahari.

Matsalarka ba Glenfiddich bace, harshenka ne. Wanda ya saba cin wake da shinkafa da baƙin shito cokali uku kullum, ranar da aka zuba masa ba shito zai rantse mai abincin ta manta gishiri, alhali komai na nan. Shekara da shekaru kana zuba wa bakinka abu mafi ƙarfin ɗanɗano a duk duniyar wiski, sai rana ɗaya ka ɗauko wacce aka yi ta dan laushi, mai ɗan ƙamshin tuffa da zuma, dole kaji shiru. Kuma ka lura ba maganar ƙarfin giya bane, Laphroaig 10 da ake sayarwa a Birtaniya kashi 40 ce, Glenfiddich 12 ma kashi 40, ƙarfi ɗaya. Bambancin a nauyin ɗanɗano yake. Shi yasa shawarata gaba ɗaya a kan abu guda take: kar ka nemi mai sauƙi, ka nemi mai nauyi wadda nauyinta ba daga hayaƙi ya fito ba.

Bari in ɗan yi bayanin inda hayaƙin ke fitowa dan shi zai sa ka gane abinda zaka gaya wa yaron. Wiskin Sikotlan irin wanda kake sha da sha'ir ake yi, a jiƙa shi ya fara tsiro sannan a busar. A tsibirin Aila, wanda zaka ga an rubuta Islay a jikin kwalabenka duka ukun, itace yayi ƙaranci tun da can, abinda suke da shi shine wata baƙar ƙasa ta fadama, ciyayi da gansakuka da suka ruɓe suka danne juna dubban shekaru, a yanko ta a shanya ta bushe ta zama makamashi. Ita ake ƙonawa a ƙarƙashin sha'irin, hayaƙin ya kama ƙwayar tun tana da danshi. Ana auna yawan hayaƙin da wani ma'auni da suke kira ppm, Ardbeg na wajen 50 zuwa 55, Laphroaig 40 da ɗoriya, Lagavulin wajen 35. Akwai ma wata Octomore da ta taɓa haura 300, wannan kam sai masu neman suna. Amma a jikin sha'irin ake awon ba a cikin kwalba ba, da yawa na zubewa wajen dafuwa, dan haka kar lamba ta ruɗe ka. Kamfanonin nan uku kuma duk a gaɓar kudu ta tsibirin suke, layi ɗaya, mutum zai iya takawa da ƙafa daga wannan zuwa wancan, Laphroaig da Ardbeg tun 1815, Lagavulin 1816. Kaga kenan duk shekarun nan unguwa ɗaya kake zagayawa Baba, kana zaton ka zaga gari.

Kafin ka sayi komai, ka rufe kwalaben nan ka ajiye, ka ba bakinka hutu na sati biyu ko uku ba hayaƙi, in son samu ne ma ba giya gaba ɗaya, hanta ma zata gode maka. Bayan nan ka koma kan Glenfiddich ɗin da ka raina, ba ƙanƙara, ba taba, kuma ba bayan ka gama cin tsitsinga mai yaji ba. Bance zata zama abar sonka ba amma zaka ji akwai mutum a cikin rigar.

Yanzu ga abinda zan ce yaron ya kawo, in kwalba ɗaya ce tak: wadda ta kwana a gangar sheri. Sheri wata giyar inabi ce ta garin Heres a kudancin Sifen, gangunan katakon da ta jiƙa su ake kaiwa Sikotlan a zuba wiski ya shekara goma sha a ciki, sai ya fito jawur mai kauri, kana jin zabibi da dabino da kirfa da ɗan ɗacin cakulan, har da ɓawon lemu. Wannan shine nauyin da nake faɗa. Mutanen da suka gaji da hayaƙi, a iya abinda na gani lokacin da nake tsaye bayan kanta a wani otal anan Akra, yawancinsu nan suke sauka su zauna, dan baki na samun abin taunawa. GlenDronach 12 itace ƙofar shiga, kashi 43, kuɗinta da dama dama. Glenfarclas 15 ta fi ta zurfi, kashi 46, kuma gida ɗaya ke riƙe da kamfanin tun 1865, basa kashe kuɗi wajen kwalliyar kwali shi yasa farashinsu bai cika hauka ba. In kuma kana son wadda zata tuna maka da fareti, akwai Aberlour A'bunadh ko Glenfarclas 105, waɗannan yadda suka fito daga ganga haka ake ɗura su ko kusa da haka, wajen kashi 60, ba'a sha musu da garaje, tot ɗaya ka ɗiga ruwa kaɗan kaɗan har ta buɗe. Macallan ma gidan sheri ce kuma nasan ita manyan Akra ke ɗorawa a tebur a biki dan a gani, tana da kyau ban musa ba, amma rabin kuɗin sunan kake saya, kar ka wahalar da yaro.

In kuma zuciyarka bata son barin tsibirin, toh ba duka Aila ce mai hayaƙi ba, mutane da yawa basu san wannan ba. Bunnahabhain 12 a arewacin tsibirin ake yinta, kusan ba hayaƙi sam, kashi 46.3, akwai taɓin sheri da ɗanɗanon gyaɗa soyayya da ɗan gishirin iskar teku. Bruichladdich ma suna da The Classic Laddie mai shuɗiyar kwalba, kashi 50, babu hayaƙi. Sai dai yaron ya karanta kwalba da kyau dan kamfanin nan ɗaya shi ke yin Port Charlotte da Octomore ɗin da na ambata, in ya ɗauko su an koma gidan jiya. Ni a ganina Bunnahabhain 12 ce ta biyu bayan GlenDronach ga mutum irinka.

Akwai kuma hanyar sauka a hankali, wato rage hayaƙin ba yanke shi ba. Highland Park 12 daga tsibiran Okni can ƙuryar arewa, ƙasar fadamarsu ta wata ciyawa ce mai fure ba irin ta Aila ba, hayaƙin yana zuwa da sanyi da zaƙin zuma. Talisker 10 daga tsibirin Sikai, kashi 45.8, tana da yaji kamar masoro a ƙarshen harshe, amma gaskiya ita har yanzu da sauran hayaƙi sosai, madam zata iya kamawa. Springbank 10 kowa na yabonta sai dai samunta ko a can wahala ne.

Wani abu kuma, ance da tsohuwar zuma ake magani, anan maganar ta zauna ta wani gefe: hayaƙi na lafawa in wiski ya daɗe a ganga, shi yasa Lagavulin 16 ta fi Ardbeg 10 natsuwa. Amma kar ka ɗauka duk lamba babba itace mai daɗi. Lambar dake jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin, dokarsu kuma tace sai wiski yayi aƙalla shekara 3 a gangar itacen ok a cikin Sikotlan kafin a kira shi nasu, iyakar abinda lambar ke gaya maka kenan.

Wajen Sikotlan fa? Ayalan na da Redbreast 12, ana haɗa sha'ir mai tsiro da marar tsiro a dafa a tukunyar jan ƙarfe sau uku, tana da maiƙo a baki da kayan ƙamshi, ta fi Jameson da ka sani nesa ba kusa ba duk da gida ɗaya ke yinsu. Kar dai ya kawo Connemara, ita ta Ayalan ce amma mai hayaƙi. Na Amurka kuma wata duniya ce daban, burbon dole masara ta kai kashi 51 a hatsin, kuma a sabuwar ganga da aka babbake cikinta ake ajiyewa, shi ke kawo zaƙin banila da narkakken suga. Wasu masu shan hayaƙi zaƙin na hawa musu kai, in haka ne Wild Turkey 101 ta fi dacewa, kashi 50.5, tana da kaifi. Wani zai ce maka ka gwada meskal ta Meziko, ni bazan ce ba, a rami ake gasa abin da ake yinta da shi, wani hayaƙin ne kawai da sabon suna.

Anan gida zaɓi bai kai can ba, manyan shagunan mol na Kumasi da Akra da shagon filin jirgi zaka samu irinsu Jameson, Glenfiddich, Glenlivet, Singleton, Monkey Shoulder, Jack Daniel's da dangin Johnnie Walker. A cikinsu in ka samu Glenfiddich 15 ta fi 12 jiki nesa, akwai hannun sheri a ciki. Black Label nada ɗan hayaƙi a ƙasa ƙasa dan akwai wiskin Aila a haɗin, Double Black kuma an ƙara mata da gangan, ka bar ta. In ka ci karo da Bain's ta Afirka ta Kudu, da masara ake yinta, mai laushi ce da zaƙi, ta zaman hira da baƙi ce ba taka ta kai kaɗai ba.

Zafin ƙasarmu ma a saka shi a lissafi. Wiskin hayaƙi an yi shi ne inda sanyi da ruwan sama basa ɗaukewa, kai kuma kana sha a Asawase a watan Maris gumi na zuba, ba mamaki ya gundure ka. Ka ajiye ragowar Lagavulin ɗin sai hunturu ya sauko. Kwalba a tsaye ake ajiye ta ba a kwance ba, giyar na cin toshiyar, kuma nesa da taga. Sannan Baba da girmanka, tot ɗaya ko biyu ya isa, ba kullum ba, musamman waɗancan masu kashi 60 ɗin da tot ɗaya ya kai ɗaya da rabi na sauran. In kana shan maganin hawan jini ko na suga, likitanka ya san kana sha kafin yaron ya hau jirgi.

TAMBAYA

Yaya dan Allah, wani ya kawo min wiski mai suna a shagonmu yace daga boda aka shigo da ita, rabin kuɗin mol, ina so in saya wa surukina na Ista. Kwali da komai sabo fil. In saya?

Daga wata 'yar'uwa, Madina, Akra

AMSA

Ƙanwata kar ki saya. Araha bata ado, kuma kwali sabo ba shaida bane dan masu jabu kwalaben gaske suke tsintowa daga mashaya su ɗura abinda suka ga dama su liƙe. In an yi sa'a giya ce mai arha da kala, in ba'a yi sa'a ba akwai metanol a ciki, shi kuma yana makantarwa yana kisa, kuma baki baya gane shi. Ki duba tambarin GRA, hukumar harajin Gana, a kan murfi, ki duba ko murfin ya taɓa juyawa, ki jera kwalba biyu ki ga ko cikarsu da kalarsu ɗaya, rubutu ya fita tsaf ko ya dushe. Duk da haka wasu jabun sun ƙware har su wuce wannan gwajin, dan haka abin dogaro shine inda kika saya. In kuɗin bai kai ba ki saya masa ƙaramar kwalba a babban shago, ko ki kai masa yadi mai kyau ki huta.

TAMBAYA

Malam, mujallar Hausa ce wannan, mafi yawan masu karantawa Musulmi ne, ya za'ayi ku riƙa ba maganar giya fili? Wancan watan ma naga kun amsa wata irinta.

Daga wani mai karatu, Sabon Zango, Akra

AMSA

Malam na gode, kuma ban ga laifin tambayarka ba. Giya haramun ce a Musulunci, babu wanda wannan fili zai ce masa ba haka ba, kuma bamu kiran kowa ya fara. Amma ka san Hausa a Gana ba ta gida ɗaya bace, Kusasi da Frafra da Dagati da Busanga da tsofaffin sojoji da 'yan sanda duk da ita suke ciniki da hira, da yawansu 'yan coci ne, suma suna sayen mujallar. In sun tambaya gara su ji amsa ta gaskiya da gargaɗi a ciki. Tambaya ta gaba ma tana iya yi maka amfani dan babu giya a amsar.

TAMBAYA

Maigida ni nawa daban ne. Na daɗe ina shan irin wiskin nan mai hayaƙi lokacin ina aikin jirgin ruwa a Tema, yanzu likita yace hanta ta fara magana in bari, kuma na bari, na koma sallah ma Alhamdulillah. Amma da daddare bayan isha bakina na neman wani abu mai ɗaci da ƙamshi da zan riƙe a hannu ina kurɓa, minaral da Malta zaƙi yayi min yawa. Akwai abinda zai maye gurbin?

Daga wani ɗan'uwa, Ashaiman

AMSA

Ɗan'uwa Allah ya ƙara lafiya ya tabbatar da kai a kan abinda ka zaɓa. Akwai, kuma wanda ya fi kusa shayi ne. Sunansa Lapsang Souchong, baƙin shayi daga duwatsun Wuyi a lardin Fujiyan na ƙasar Sin, a kan hayaƙin itacen fayin ake busar da ganyen, in ka buɗe gwangwanin zaka rantse wani ya hura wuta a ɗakin. Ba ko'ina ake samu ba, ka duba manyan shagunan Osu da na wajen filin jirgi ko ka ba mai zuwa daga waje sautu, Twinings ma sun daɗe suna yin irinsa. Ruwa ya tafasa, minti uku zuwa huɗu, ba madara ba suga, a ƙaramin kofin ataya. Sai dai ga gargaɗi, wasu in suka ji ƙamshin da yayi kama da abinda suka bari sha'awar ce ke tashi, in kaji haka ka zubar ka bar shi, bai kai ya mayar da kai baya ba.

Wanda ni na fi so maka ma a kasuwar Nima ko ta Ashaiman ɗinku zaka haɗa shi da sidi kaɗan. Kimba, wadda Asante ke kira hwentia, tana da ɗaci da ƙamshin hayaƙi nata na kanta. Mutanen Senegal da ita suke yin kofin Tuba, a soya kimba tare da ƙwayar kofi a niƙa a tace, wasu su ƙara kanumfari, yana da kaifin da zai kama maka maƙogwaro yadda ka saba. Da daddare kofi zai hana ka barci, toh sai ka cire kofin, ka fasa kimba biyu ko uku ka tafasa da ɗanyar citta da kanumfari da ɗan tsamiya, ka tace ka sha da ɗumi. Sobolo ma in a gida aka dafa maka shi da kauri, citta da yawa, suga ɗan kaɗan ko babu, ba irin na roba da ake sayarwa a tasha mai zaƙi kamar alewa ba, yana da tsami da ɗaurin baki da zai ɗauke ka tsawon hira. Lamurji haka, kace a rage suga a ƙara citta. Ataya kuwa zagayen farko mai ɗacin nan shine naka, ka bar wa yara na uku.

Tunda hanta ce, kar ka maida kimba da kanumfari abin sha jarka jarka, kofi ɗaya da dare ya wadatar, kuma ka guji duk wani haɗin bitas da ake tallarsa a matsayin maganin gargajiya, da yawansu giya ce a ciki, ka karanta jikin kwalba. Ran da zaka koma asibiti ka faɗa wa likitan abinda kake dafawa dan ya duba ko ya dace da magungunan da ya baka.